Tsaya-Tukuna, Mai Teburin Ƙarƙashin Bene

Kafin a ɗaga ƙofar shago ko ɗaya a ginin nan, shi ya riga ya iso. Yakan jingine kekensa da bango, ya kwance jakar da ke bayan sirdi, ya gaida mai gadi, ya tambaye ni ya ƙafa, sannan ya sunkuyar da kai ya shige ƙarƙashin bene. Nan ne ofishinsa. Tebur ne na katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da kwali, da kujerarsa, da bencin masu jira, sai wayar wuta da ya jawo daga shagon tela. Zai goge teburin da tsumma, ya jera sukundirebobinsa daga babba zuwa ƙarami, ya fito da wani gwangwanin madara da ya tsufa har rubutun jikinsa ya goge. A ciki filas-filas ɗinsa suke, kowane da zaren da ya ɗaura masa, wani ja, wani baƙi, wani kore. Ya maƙala gilashinsa, ya yi bismillah, sai ya jira gari ya kawo masa sumammun kwamfutocinsa.

Haka ya yi ta yi tun gashinsa na baƙi har furfura ta cinye rabinsa. Sai watan jiya aka taru aka tashe shi daga wurin, aka ce wai shi ya goge hotunan bikin mutane. Ƙarya ce. A kan wannan ƙaryar na sa a yi wannan rubutu. Ni ce mai sharar ginin. Ban yi makaranta ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a tausasa mini ko kalma ɗaya.

Ga wanda bai san aikinsa ba, ga yadda shi da kansa ya bayyana mini. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, ita ce ke tashe ta, ita ke nuna mata dama da hagu. In wannan ta lalace, kwamfuta ta zama akwati mai fitila. Ka kunna ta, ta yi ta juya wani ɗan zobe kamar mai tunanin abin da za ta ce, ko allon ya yi shuɗi ya tsaya cak. To shi aikinsa ya zuba mata sabuwa daga filas, wani ɗan abu da bai kai tsawon yatsa ba. Zai soka mai koren zare a gefenta, ya kunna, ya yi ta ƙwanƙwasa maɓalli ɗaya da sauri kamar mai buga ƙofar kurma, har kwamfutar ta haƙura ta saurari filas ɗin maimakon kanta. Daga nan ya zaɓi harshe, ya latsa, ya latsa, sai a iso wani wuri inda allon ke nuna faifan ajiyar da ke cikinta, yana tambaya wanne za a goge a zuba sabuwar manhajar.

A nan ne kowa ya san shi. Da an iso wurin, sai ya janye hannuwansa biyu daga kan tebur, ya harɗe su a ƙirji, ya dubi mai kwamfuta ta saman gilashi ya ce, "Tsaya tukuna."

Tun ana yi masa dariya har ya zama sunansa. Yau in ka shigo ginin nan ka tambayi sunansa na gaskiya, sai an sosa kai. Amma ka ce Tsaya-Tukuna, ko mai tallan ruwa ya nuna maka.

Ku tambayi mai kemis na ƙasa, yana nan da ransa. Ya zo wata rana a guje da laftof a hammata.

"Malam, ba komai a cikinta. Wanke ta kawai, ina da mutane a shago."

"Tsaya tukuna, Dakta. Wa ke taɓa ta bayan kai?"

"Ba kowa. Sai dai 'yata in ta zo hutu."

"Kira ta."

"Yanzu? Haba Malam, ga masu ciwon kai can sun yi layi."

"Ciwon kan ba zai gudu ba. Kira ta."

Ya kira. Mu da ke gefe sai da muka jiyo ihun yarinyar daga cikin wayar: "Baba, kada a taɓa! Aikina na gama jami'a yana ciki, ba ni da shi a ko'ina!" Mai kemis ya nemi benci ya zauna, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Tsaya-Tukuna ya ce, "Dakta, ko in aika shagonka a kawo maka na hawan jini?" Ya kwashe aikin yarinyar tsaf ya ajiye a wani faifai dabam, ya buɗe ya nuna wa uban cewa ga shi yana nan yana buɗewa, sannan aka ci gaba.

Kuma ko an kwashe komai, ba shi ke latsa maɓallin gogewa ba. Wannan ku riƙe shi, domin a kansa maganar take. Zai juya allon zuwa ga mai kaya, ya ɗora bakin biro a kan layin, ya ce, "Ga shi. Wannan za a goge, kuma in ya tafi ya tafi. In ka yarda, sa yatsanka." Ko alhaji ne mai babbar riga, ko tsohuwa ce da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, sai ta miƙa yatsa da kanta. Tela takan leƙo daga shagonta da allura a baki ta ce, "Kai dai da alƙali ka zama, da shari'a ɗaya ta ishe ka shekara." Shi kuwa ya ce, "Hajiya, ke da kike auna mutum sau uku kuma rigar ta fito ta ƙaninsa?"

In kwamfutar mai faifai biyu ce, ɗaya na manhaja ɗaya na ajiyar kaya, ba ya ma yarda a kai ga tambaya. Sai ya kwance bayanta ya zare wayar na ajiyar, ya bar ta tana lilo. Ya ce a kan allo faifai biyu kamar tagwaye suke, ba suna, sai lamba da girma, kuma yatsan mutum ba ya da ido.

Akwai wani da ya kawo laftof ɗin matarsa, ya sunkuya yana raɗa, wai in an gama a ɗan leƙa masa da wa take hira. Tsaya-Tukuna bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ni gyara nake, ba leƙe ba. In leƙe kake so, ga taga can." Akwai shugabar wata ƙaramar makaranta da ta zo da tsofaffin kwamfutoci a bayan mota, tana neman mai sayen ƙarafa. Ya ce ta sauke su. Ya nemo wata manhaja marar nauyi wadda tsohuwar na'ura ke iya ɗauka, ya zuba ta a filas mai baƙin zare, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yau yara na koyon rubutu a kansu. Matar tana nan, ku je ku tambaye ta.

Kai ne wannan, Tsaya-Tukuna. Mai hannun sanyi, wanda gaggawa ta nema ta rasa. Sirrin rabin garin nan ya ratsa ta teburinka, kuma ban taɓa jin ko ɗaya ya fito ta bakinka ba, ni da nake share ƙarƙashin ƙafarka kullum.

Yanzu ga abin da ya faru.

A saman bene akwai mai hoto. Shagonsa mai labulen furanni ne da fitilu masu lema, shi ke ɗaukar bikin aure da na gama makaranta. Kwamfutarsa babba ce mai faifai biyu, kuma a na biyun hotunan mutane suke, na shekaru, har da na amaren da ba su karɓi nasu ba tukuna. Ta fara yi masa gardama, sai ya sauko da ita da safe ya dire a tebur.

"Malam, sabuwar manhaja nake so, kafin azahar."

Tsaya-Tukuna ya kunna, ya duba, ya ce, "Faifai biyu gare ta. Sai na kwance na zare ɗaya. Kuma shi na farkon ma akwai hotuna a kansa, sai na kwashe. Gobe da hantsi ka zo."

"Gobe? Ina da ango da zai zo da yamma!"

"Ango ya jira amarya wata da watanni, zai iya jiran hoto kwana ɗaya."

"Kai matsalarka ke nan. Abin da na sha gani kana yi, latse-latse ne kawai. Soka, kunna, latsa. Sai ka mai da shi kamar aikin tiyata."

"To aikin tiyatar ne. Gobe."

Mai hoto ya yi tsaki, ya rungumi kwamfutarsa ya haye sama. Da azahar Tsaya-Tukuna ya tafi salla, ya bar gwangwaninsa a kan tebur kamar kullum, don tun da yake ba wanda ya taɓa sa masa hannu. Ina nan ina goge matakala da tsumma sai ga mai hoto ya sauko da sanɗa. Ya buɗe gwangwanin, ya zaro mai koren zare. Muka haɗa ido. Ya yi murmushi ya ce, "Iya, aro ne, yanzu zan dawo da shi." Na ce, "Mai shi ya sani?" Ya ce, "Ai ni da shi ba ta ɓaci." Ya haye.

Kafin la'asar sai muka ji salati daga sama. Ya soka, ya kunna, ya latsa. Allon ya nuna masa tagwayen, ya zaɓi wanda ya ga dama, ya goge. Na hotunan ne.

Kafin gari ya waye labari ya kai gidajen amare. Washegari matakalar da na goge ta cika da iyaye mata da 'yan uwan ango, ana ta "ina hotunanmu". Wata ta ce hoton mahaifinta na ƙarshe a wurin bikinta aka ɗauka, ya rasu bayan sati biyu. Mai hoto ya tsaya a ƙofa, fuska kamar an wanke da toka. Da suka matsa masa, sai ya nuna ƙasa da yatsa ya ce, "Mai gyara ne ya goge."

Kwamitin masu shaguna ya zauna a shagon shugaba, mai sayar da labule. Mai hoto ya miƙe ya ce, "Kwamfutata ta je teburinsa da safe, kowa ya gani. Filas ɗinsa ne a jikinta, ga shi, da zarensa." Ku duba wayo. Duk abin da ya faɗa ya faru, amma tsakiyar ya haɗiye.

Shugaba ya juya. "Malam, me za ka ce?"

Tsaya-Tukuna ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga. Ya ce, "Ban latsa ba."

"To wa ya latsa?"

Ya dubi mai hoto. Mai hoto ya dubi silin. Sai bawan Allahn nan, maimakon ya faɗi abin da ya sani, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan a bar shi tukuna. Abin da ya fi gaggawa, kada ya ƙara kunna ta. Kada ya zuba komai a faifan nan, ko hoto ɗaya. A ba ni shi in gwada."

Mai hoto ya ce, "Ku ji fa! Wanda ya kashe yana neman a ba shi gawar."

Ni ina bakin ƙofa da tsintsiyata. Na ce, "Ni na ga wanda ya ɗauki filas ɗin, da idona, kuma ya kira ni Iya yana ɗauka." Shugaba ya ɗaga hannu ya ce, "Iya, taron masu shago ne." Na ce, "In an gama taron wa zai share ƙasan?" Aka yi dariya, aka rufe ƙofa a fuskata. Mai kemis ya yi magana, tela ta yi, amma masu son a sallami amare daga matakala sun fi yawa. Ana bukatar wanda za a nuna, kuma mutumin ƙarƙashin bene ba shi da shago, ba shi da ƙofa, ba shi da ɗan uwa a kwamiti. Aka ɗauke teburinsa aka kulle a sito. Ya zuba gwangwaninsa a jaka, ya ce mini, "Iya, sai wata rana," ya tura kekensa. Bai ma hau ba, turawa ya yi har ya sha kwana.

Kai ma ina da fushi da kai, Tsaya-Tukuna, kuma ba zan ɓoye ba. Baki gare ka. Kalma uku ta ishe ka ranar. Da na je gidanka na faɗa maka haka, me ka ce? Ka ce, "Iya, mutumin da mata ke zagi a ƙofar shagonsa, in na ƙara masa sunan ɓarawo, da me zai ciyar da 'ya'yansa?" Na ce kai fa, naka 'ya'yan, iska za su ci? Matarka ta ce, "Faɗa masa dai, Iya, ni bakina ya gaji." Ka yi dariya ka ce a kawo mini shayi. Ban sha ba, kuma har yau ban huce ba.

Sauran labarin daga bakin matarsa na ji, da abin da na gani da na riƙa zuwa.

Bayan kwana biyu, da rana tsaka lokacin da unguwa ta yi tsit, sai ga mai hoto a ƙofar gidansu, da faifan a cikin leda. Ya tsaya yana murza hula. Matar ta ce da za a bar ta, da ruwan wanke-wanke za ta tarbe shi. Mijin ya fito ya karɓi ledar, tambaya ɗaya ya yi: "Ka zuba wani abu a kai?" Mai hoto ya ce a'a. Shi kuma ya ce, "To alhamdu lillahi. Je ka."

Ya share teburin cin abinci, ya kafa tsohuwar kwamfutarsa, ya jona mata faifan. Ya ɗauko filas mai jan zare, ya zuba masa wata manhaja da ke tayar da kwamfuta daga jikin filas ɗin kawai, ba ta rubuta komai a faifai, don kada a taka abin da ake nema. Na tambaye shi, abin da aka goge ta ina zai dawo? Ya ce, "Iya, irin wannan gogewar ta gaggawa kamar a bi gida ne a cire lambobin ƙofofi. Mutanen suna ciki, sai dai ba a san ɗakin kowa ba. Sai an bi ana ƙwanƙwasawa. Amma in aka zuba sabbin 'yan haya, shi ke nan."

Ya yi ta ƙwanƙwasawa. Wuta ta ɗauke, ya fara daga farko. Ta sake ɗaukewa, ya je ya aro batir wurin maƙwabci. Iyalinsa suka koma cin abinci a tabarma, don teburin ya zama na amaren mutane. Masu kawo masa gyara suka ɗauke ƙafa, don labari ya zaga cewa hannunsa na goge kaya. Wata rana na same shi ido ya yi ja, wuya ya ƙage, yana kallon wani layi na tafiya a allo kamar tururuwa mai ciwon ƙafa. Na ce, "Don wa kake wannan wahalar? Don wanda ya tozarta ka?" Ya ce, "Don yarinyar nan mai hoton mahaifinta."

Da hotunan suka fara dawowa, sai suka dawo ba suna, ba tsari, dubbai a cakuɗe, bikin wannan a cikin na wancan. Nan matarsa, duk da fushinta, ta jawo kujera. Ita ta san abin da bai sani ba.

"Wannan ba bikinsu ɗaya ba, Malam, duba ɗinkin 'yan matan."

"Ai duk shuɗi ne."

"Wannan shuɗi, wannan ruwan bula. Kai in ba waya da sukundireba ba, me kake gani? Matsa. Wannan mai wushiryar, nata ne duk waɗannan. Ga uwar mijin nan ma, ba ta yi dariya a ko ɗaya ba."

Haka suka rarraba su, biki biki. Ba duka suka dawo ba, ba zan yi ƙarya ba. Biki ɗaya ya tafi gaba ɗaya, wasu hotunan kuma sun dawo rabi, sama mutum ƙasa toka. Amma mafi yawa sun dawo, kuma na dattijon nan yana ciki, yana zaune da sandarsa kusa da 'yarsa.

Mai hoto ya zo ya karɓa, da rana tsaka kamar wancan karon. Ya ce, "Allah ya saka." Ya tafi. Kun san abin da ya faɗa a gini? Wai ya aika faifan wurin ƙwararru a babban kamfani, su suka ceto shi. Amare suka karɓi hotunansu suna sa masa albarka. Ƙwararrun kuwa suna can suna cin abinci a tabarma.

Ranar da na ji wannan, na ajiye tsintsiya. Na shiga wurin tela na ce, "Tashi." Na leƙa kemis na ce, "Dakta, rufe." Muka je wurin mai gadi. Ya dube mu, ya dubi sama, ya ce, "Ni dai ban ga kowa ba. Makullin sito ma ban san lokacin da ya faɗi a kan kujerar nan ba." Muka ɗauko teburin, ni da ciwon ƙafata na riƙe gefe ɗaya, muka mai da shi ƙarƙashin bene. Shugaba ya leƙo ta tsakanin labulensa, ya ga fuskata, ya koma.

Na je da kaina na ce wa Tsaya-Tukuna teburinsa ya dawo. Na ɗauka zai yi murna. Sai ya girgiza kai. Ya ce, "Iya, na gode. Amma taro ya tashe ni, taro zai zaunar da ni. In na koma a haka, duk wanda ya ajiye kwamfutarsa a gabana zai riƙa kallon hannuna. Aikin nan ba a yin sa da mutum yana tsoronka."

Ya yi gaskiya, shi ya sa na ƙara jin haushi. Teburin na nan, kullum ina goge shi, ba kowa a kai. Ba tebur aka ƙwace masa ba, suna ne, kuma suna ba a ɗauko shi daga sito.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba. Kwamiti zai zauna ranar Asabar. Shugaba, da bakin da ka ce a tashe shi, da shi za ka ce ya dawo, a gaban mutane, ƙofa a buɗe. Duk wanda kwamfutarsa ta taɓa farfaɗowa a ƙarƙashin benen nan, ya zo ya tsaya. 'Yar mai kemis ta ce za ta zo. Shugabar makaranta ta ce za ta zo. Amaren da kuka karɓi hotunanku, yanzu kun san teburin da suka fito, ku zo ku ma. In an ce taron masu shago ne, to matakala ta kowa ce, kuma ni ke share ta, na ba ku izini.

Kai kuma, Tsaya-Tukuna, mun gode. Na gode maka a madadin waɗanda suka san abin da ka yi musu, da waɗanda har yau suke sa wa wani albarka a kan guminka. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ba wuyanka lafiya, ya saka wa matarka da ta haƙura da kai, don zama da mai haƙuri irinka ma aiki ne. Masu tasowa da ke koyon sana'ar nan, da masu kowace sana'a da ake ba su kayan mutane a hannu, ku je gidansa ku zauna ku kalli yadda yake yi. Saurin hannu kowa na iya koya a wata ɗaya. Ku koyi tambayar mai kaya me ke ciki kafin ku taɓa, ku koyi kau da ido daga abin da ba naku ba, ku koyi gama aikin da kuka ɗauka ko mai shi bai cancanta ba. Shirun da ya yi a gaban kwamiti ne kaɗai ban ce ku koya ba.

Saura kai, mai hoto. Ban yi wannan a bayan idonka ba, na hau har shagonka na gaya maka zan sa a rubuta, ka ce, "Iya, ki rufa mini asiri." Na ce wanda ya rufa maka yana gida ba aiki. Ba na son a kore ka, shi ma ba ya so, ya ce in aka taɓa shagonka ba zai dawo ba. Magana ɗaya ake nema a bakinka: ni na ɗauka, ni na latsa, shi ya gyara.

Jiya da hantsi na gan ka. Ka fito, ka sauko har tsakiyar bene, ka tsaya kana kallon teburin, hannunka a kan ƙarfe. Ka daɗe. Sannan ka juya ka koma sama, ka ɗauka ban gani ba.

Rabin benen ka riga ka yi. Ranar Asabar ka ƙarasa.